Kafin ka sayi kwale-kwale, ka san ruwan da zai bi

Masu sauraronmu na bakin Tabkin Chadi, daga Baga zuwa Bol, daga Darak zuwa Bosso, da 'yan'uwa masu neman abinci a gaɓar teku irin su Legas, Kwatano da Duwala, ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin wannan mako kan zaɓen jirgin da zai iya bin ruwa marar zurfi.

Abu na farko, malam, ka tambayi kanka: ina zan riƙa bi da shi? Tabkin Chadi faɗi gare shi, amma a wurare da yawa zurfinsa bai kai mita 2 ba, ga ciyawa, ga tsibirai. Yawancin ruwansa daga kogin Shari yake zuwa, shi ya sa yake cika bayan damina, ya ja baya da bazara. Hanyar da ka bi lafiya lau a watan Disamba tana iya zama taɓo a watan Yuni. A bakin kogin Wuri na Duwala kuwa, ruwa na hawa yana sauka sau biyu kowace rana. Don haka ka yi lissafi da lokacin da ruwa ya fi ƙaranci.

Jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi shi ya fi dacewa da irin wannan ruwa, domin nauyinsa na bazuwa a kan faɗi, sai kaɗan daga cikinsa ya shiga ruwa. Ga lissafi mai sauƙi. A ce gindin jirginka tsawon mita 10 ne, faɗin mita 2. Duk tan ɗaya na kaya da ka ɗora zai ƙara dulmiya shi da kamar santimita 5 zuwa 6. Buhunan busasshen kifi, jarkokin mai da fasinja su kai tan 4, ka ga ya sauka da fiye da santimita 20. Saboda haka kada ka yarda da awon da mai sayarwa ya yi jirgi na wofi. A loda shi, a tura ruwa, ka auna da idonka. Ka kuma tuna ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi ɗaukar nauyi, jirgin da ya baro teku ya shiga kogi zai ɗan ƙara sauka.

To amma fa kowane allazi da nasa amanu. Shimfiɗaɗɗen gindi ba ya yanka igiyar ruwa, dukanta yake yi. In iskar hunturu ta taso a sararin tabki, ko ka fita daga lungun ruwa ka fuskanci teku, zai riƙa bugawa, ruwa na fantsamowa ciki. Shi ya sa masuntan gaɓar Ghana ke amfani da manyan jirage masu ɗagaggen goshi, waɗanda ake sassaƙa gindinsu daga itacen wawa. In aikinka ya haɗa ruwa biyun, nemi mai ɗan tsini a gaba, shimfiɗaɗɗe a baya, mai dogon gefe.

Sai maganar inji. Sau da yawa jirgi zai wuce, farfela ce za ta ci ƙasa. Injunan da ake ratayawa a baya, irin su Yamaha, akwai mai gajeren ƙafa, kamar inci 15, da mai doguwa, kamar inci 20. Ka daidaita ƙafar da tsayin katakon bayan jirginka, ka kuma tabbata injin na ɗaguwa da sauƙi in an shiga ciyawa. Yashi da taɓo na toshe hanyar ruwan da ke sanyaya inji, don haka ka riƙa duba ɗan ruwan nan da yake fitarwa ta baya. In ya tsaya, kashe inji nan take. Gwangwala da filafili kuma kada su bar cikin jirgi.

Daga ƙarshe, ka shafa fenti a jikin jirgin daidai inda ruwa ya kamata ya tsaya in an yi lodi. Ruwa ya rufe wannan layi, a rage kaya, ko na waye. Kowane fasinja ya sa rigar kariya, a kuma guji tafiyar dare. Kuɗin buhu biyu ba su kai ran mutum ɗaya ba.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya, ya tsare mana hanya.