Mai Fili da Mai Dashe

Ka taɓa kai wa tela yadi? To ka riga ka san rabin abin da zan yi maka bayani. Yadin naka ne, kuɗin ɗinki ma daga aljihunka zai fito, amma da almakashi ya hau, iko ya koma hannun wani. Kana iya faɗin irin wuyan da kake so, amma in ya ce yadi huɗu ba zai fitar da malum-malum ba, sai ka haƙura. Sauƙin tela shi ne cikin mako guda ka ga aikinsa, in ya ɓata ka canza wani. Yanzu ka ƙaddara ɗinkin da ba za ka gwada ba sai bayan shekara biyar, kuma in an yi kuskuren yanka sai an sake wasu biyar ɗin kafin a gyara. Haka garka take.

Kada ka haɗa ta da lambu. Lambu na tumatir ne da albasa da attaruhu, wata uku ko huɗu an kwashe an huta. Garka kuwa ta itatuwa ce, mangwaro, gwaba, lemo, kashu, dabino, kuma wanda ya zana ta yana zana wa shekara talatin ne.

Mu ɗauka wani attajirin Kano ya sayi kadada biyu a Ɗankaza, cikin ƙasar Wudil. Dalilinsa a fili yake: daga birni bai fi tafiyar awa guda ba a kan hanyar Maiduguri, kuma tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 kogin da ya ratsa Wudil yake samun ruwa har da rani. Alhaji yana da fili da kuɗi da buri. Abin da ya rasa shi ne ido. Sai ya nemo wani dattijo da aka sani da iya dashe.

Abu na farko da mai dashe zai yi zai ba ka mamaki: ba zai dasa komai ba. Zai jira a tafka ruwan sama, washegari ya zaga filin, ya ga inda ruwa ya kwanta da inda ya tsane, ina jigawa, ina laka. Lemo ba ya jure ruwa ya zauna masa a gindi, saiwarsa ruɓewa take. Kashu yana jin daɗin rairayi. Gwaba ba ta da tsirfa, kusan duk inda ka sa ta za ta yi. Zai duba inda suri yake, don gara ita ce babbar abokiyar gabar ƙaramin dashe. Daga wannan zagayen ne zai san inda za a haƙa rijiyar burtsatse, da yadda ruwa zai gangara da kansa ba tare da inji ya sha mai a banza ba.

A nan ne ake fara gwada abota. Alhaji ya dawo daga Umara da ƙwallayen dabinon Madina a jaka, kuma yana sha'awar tuffa. Ma'aikacin da cikinsa kawai ya dame shi zai ce to. Mai dashe na gaske zai rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, tuffa sanyin Jos take so, a nan sai dai mu sha kallon ganye." Dabinon kuma zai bayyana masa cewa akwai mace da namiji, in ka shuka ƙwallo wajen rabi maza za su fito, ba kuma za ka gane ba sai sun yi shekaru sun yi huda. Waɗanda suka yi mata ma ba lalle su ɗauko zaƙin uwarsu ba. Gara a je Dutse a samo 'ya'yan da suka tsiro a gindin uwar da aka san daɗinta. In Alhaji ya ce, "Baba, kai ka sani, yi yadda ka gani," to garka ta samu. In ya ce kuɗinsa ne, ita ma za a yi ta, amma ta ganye.

Sai maganar tazara, wadda ta fi kowace jawo musu. Mangwaro yana son kamar mita goma tsakaninsa da ɗan'uwansa, wato guda ɗari a kadada. Ranar dashe, Alhaji zai tsaya ya ga 'yan tsirrai da ba su wuce gwiwa ba a cikin fili fetal, ya ga kamar an yi masa asarar ƙasa. Ka tuna uwa mai ɗinka wa yaro rigar Salla da ɗan girma, don ta san baɗi zai cika ta. Mai dashe yana kallon itacen da zai zama ne nan da shekara goma sha biyar. In an cunkusa su, rassa su haɗe, rana ta kasa shiga, itace ya miƙe sama yana neman haske, 'ya'ya su koma can ƙololuwa kaɗan. Haka zai kafa shinge na darbejiya ta gabas da arewa don ya tare iskar hunturu, wadda ke kaɗawa daidai lokacin da mangwaro ke huda, amma zai ja shi nesa kada saiwa ta shiga rabon ruwa.

Mangwaron ma ba daga ƙwallo zai bar shi ba, aure zai yi masa. Ana renon ɗan tsiron mangwaron gida mai juriya, a yanke kansa, a ɗaura masa reshen irin da ake so, Binta Suga ko Paparanda, a naɗe da leda har su kama. Ƙasa na ɗaya, sama na ɗaya, itace guda. Mai aure yakan fara 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo sai ya kai shida ko fiye.

To a waɗannan shekarun da itace bai ba da ko sisi ba, me mai dashe zai ci? Ga dabarar da ta fi birge ni. Wannan tazarar da Alhaji ya ga kamar asara, ita ake bar wa mai dashe ya yi fangali ya sa tumatir da albasa da kuɓewa, ya kai kasuwar Darki ko Yankaba. Duk ruwan da ya ba kayan miyansa, da takin da ya zuba, dashen Alhaji na sha. Ba sai an sa masa ido ba, cikinsa da garkar sun zama abu guda.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin wannan. Akwai babin musaƙa, inda mai itatuwa ke ba wani ya shayar ya kula, a raba amfani bisa kason da aka ambata tun farko. Asalinsa yarjejeniyar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da mutanen Khaibara a shekara ta 7 bayan Hijira, a kan rabin abin da gonakin suka fitar. Malikiyya suna da mugarasa kuma: ka ba mutum fili ya dasa, in itatuwa suka kai matsayin da aka yarda, ya mallaki kaso na itacen da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Ka lura, duka biyun sun nace a faɗi kaso tun kafin a fara. Mu kuwa kunya takan sa a bar shi a "za mu daidaita".

Ko a ƙasar Turai haka abin yake. Andre Le Notre, wanda aka haifa a 1613 a gidan masu aikin lambun sarki a Paris, shi ya tsara wa ministan kuɗin Faransa, Nicolas Fouquet, lambun gidansa. A watan Agustan 1661 ministan ya gayyaci Sarki Luwis na 14 biki a gidan. Bayan mako uku sarki ya sa aka kama shi, a kurkuku ya mutu. Mai lambun kuwa sarki ya ɗauke shi ya ba shi aikin fadar Versailles, suka yi kusan shekara arba'in tare. Da aka ba shi sarauta a 1675 aka nemi ya zaɓi tambarin gidansa, sai ya zaɓi dodon koɗi uku da kan kabeji. Bai yarda kusanci da sarki ya mantar da shi sana'arsa ba, kuma ina ganin shi ya sa sarkin bai gaji da shi ba har mai lambun ya rasu a 1700.

Mu dawo Ɗankaza. Jarrabawa ta ƙarshe tana zuwa ne wajen shekara ta bakwai ko ta takwas, lokacin da inuwa ta rufe, tumatir ya daina yi, motocin kasuwar 'Yan Lemo suka fara shigowa da bazara. Ranar da garkar ta fara biyan Alhaji, ranar ta daina ciyar da mai dashe. Attajiri mai tunani tun kafin nan ya ware masa layi biyu ko uku na itace ya ce nasa ne, ko ya yanka masa kaso a kowane kwando. Wani kuma sai ya ga aiki ya ƙare, ya sallame shi ya ɗauki maigadi. Bayan damina biyu a ga kauci ya hau rassa, ba mai sassabe, ba wanda ya san a janye ruwa kafin huda.

Ko da an rabu lafiya ma, akwai ranar da magada za su zo da mai awo, su ga fuloti ya fi mangwaro kuɗi. Shi ya sa in ka shiga gidan tsohon mai dashe, sau da yawa za ka tarar da itace ɗaya ko biyu a tsakar gida, masu tabon aure a gindi. Tambaye shi, zai gaya maka daga wane layi na garkar Alhaji ya yanko reshen, da shekarar da aka yi.