Kyamarar Makulli: Me Ya Sa Mutane Ke Rububin Na'urar Da Waya Ta Fi Ta Komai?

A watan Satumban 2025 kamfanin Reto, wanda ke da lasisin amfani da sunan Kodak, ya fito da wata 'yar kyamara mai suna Charmera. Tsawonta bai kai santimita 6 ba, nauyinta giram 30, kuma a jikin makulli ake rataye ta. Farashinta a lokacin da ta fito dala 30 ne. Cikin ɗan lokaci ta ƙare a shagunan da suka fara sayar da ita.

Ga abin mamakin: ƙarfin hotonta megafiksel 1.6 ne kacal. Lissafin ba wuya, ɗigo 1440 a kwance sau 1080 a tsaye, wato ɗigon launi miliyan ɗaya da rabi da 'yan kai. Wayoyin Tecno da Infinix da ke aljihun matasan Kalmalo da Illela, da yawansu megafiksel 50 aka rubuta a bayansu. To me ake nema a wajen wannan 'yar mitsitsiya?

Amsar tana cikin yadda waya ke ɗaukar hoto. Da ka danna, wayar zamani takan kama hotuna da yawa a jere, manhaja ta haɗa su, ta goge duhu, ta ƙara launi, wani lokaci har ta murje fuska ta yi sumul kamar an shafa hoda. Shi ya sa hotunan biki suke zama kamar uwa ɗaya uba ɗaya. Ita kuwa Charmera ba ta da wannan wayon. Sensarta, wato ɗan faifan da ke kama haske, ƙarama ce ƙwarai, abin da ta gani shi take ajiyewa: launi ya ɗan kauce, gefe ya ɗan dushe, ga kwanan wata a ƙasa idan an kunna shi, irin na hotunan da ke cikin tsohon albam. Wanda ya ɗauki masu ban-ruwa a bakin tafkin Kalmalo da hantsi, ko garken shanu a kan hanyar kasuwar Illela cikin hazon hunturu, zai samu hoto mai kama da na shekaru ashirin baya. Daɗin ke nan, kuma ba ƙarami ba ne.

Akwai wani daɗin da ba a cika faɗa ba. Kyamarar ba ta da intanet, ba kira, ba saƙo. Ana iya miƙa wa yaro ita ranar hawan salla ba tare da fargabar zai fasa gilashin waya ko ya buɗe abin da bai kamata ba. Hoton da yaro ke ɗauka daga tsayin gwiwar manya kuwa, babba ba zai taɓa tunanin ɗaukarsa ba.

Rana ce abincinta. Da magariba ta yi, ƙaramar sensa ba ta samun isasshen haske, sai na'urar ta ƙara ƙarfin siginar, hoton ya cika da tsaki-tsaki. 'Yar fitilarta ba ta kai nesa. Don haka mai son hoton fasfo, ko na kayan da zai tallata a WhatsApp, ya riƙe wayarsa. Haka kuma sai an saya mata ƙaramin katin memori daban, ana yi mata caji da igiyar USB-C, kuma ta nan ake kwashe hotunan zuwa kwamfuta ko waya.

Batun araha ma ya danganta da inda mutum yake. Dala 30 a canjin ƙarshen 2025 ta haura naira dubu 40, ban da kuɗin kawowa. A Kalmalo wannan ba kuɗin wasa ba ne. Sannan cinikin biri a sama ake yi: kwalin a rufe yake, mai saye bai san wanne daga cikin zane bakwai zai samu ba sai ya buɗe. Dabarar kasuwa ce, don mutum ya sake saye.

Shi ya sa da yawa za su koma ga marasa suna da ke AliExpress da Temu, masu sauƙin kuɗi. A nan sai an yi hattara da lambobin da ke jikin kwali. Idan kyamarar da ba ta wuce babban yatsa ba ta ce tana da megafiksel 48, galibi manhaja ce ke miƙe ƙaramin hoto kamar roba. Fayil ɗin ya yi nauyi, ya cinye memori, amma ko ɗigo ɗaya na gaskiya bai ƙaru ba. Gara a nemi ganin hoton da wani mai saye ya ɗauka da ita.

Ƙanƙantarta na da nata hatsarin. Mutane ba sa gane kyamara ce, don haka ɗaukar mace ko dattijo ba da izini ba na iya jawo rigimar da ta fi ƙarfin abin wasa. A kan iyakar Illela da Birnin Konni kuwa, inda jami'an kwastam da na shige da fice suke, gara ta koma aljihu har a wuce.

Kyamarar dijital ta farko a kamfanin Kodak ɗin aka haɗa ta, injiniya Steven Sasson ya ƙera ta a 1975. Nauyinta ya kai kilo 3.6, hotonta baƙi da fari mai ɗigo dubu 10, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset. Ta makullin nan ta ninka ta ɗigo fiye da sau 150.