Tsadar Kallon Ƙwallo Da Tafiyar Rohr Zuwa Benin

Duk inda masu sha'awar wasan ƙwallon ƙafa suka taru a ƙasar nan a 'yan shekarun nan, ko a teburin mai shayi ko a ƙofar gidan kallo, da wuya su watse ba su taɓo maganganu biyu ba. Ta farko ita ce yadda kuɗin kallon wasa ya yi tashin gwauron zabo. Ta biyu kuwa ita ce labarin Gernot Rohr, Bajamushen nan da ya koyar da 'yan wasan Super Eagles shekara biyar, aka sallame shi, ya tsallaka maƙwabta ya kama aiki a Jamhuriyar Benin. Mai hange daga nesa zai ce ina ruwan biri da gada, amma in aka bi sawu za a tarar maganganun nan biyu tushensu ɗaya ne, watau dalar Amurka.

Manya daga cikin masu karatu ba su manta da watan Maris na 1980 ba, lokacin da Green Eagles suka lallasa Aljeriya da ci uku da nema a Legas suka ɗauki kofin Afirka. A ranar, wanda ke da akwatin talabijin ya kalla a tashar NTA, wanda ba shi da shi ya kasa kunne ga rediyo, kuma ba wanda aka ce ya biya ko kwabo. Yau al'amari ya sāke. Wasannin da matasa suka fi ƙauna, na Ingila da Sifen da gasar zakarun Turai, sai ta tauraron ɗan adam ko ta intanet ake samunsu, kuma kowace hanya da kuɗinta.

Ga yadda lissafin ya kasance a DStv na kamfanin MultiChoice. A watan Mayu na 2023 babban ƙunshinsa, Premium, naira 24,500 ne a wata. Zuwa watan Maris na 2025 ya kai naira 44,500. Ƙunshin Compact, wanda masu matsakaicin hali suka fi saye don wasannin Ingila, ya tashi daga naira 10,500 zuwa 19,000 a tsakanin wannan lokaci. To, mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikacin da ya nace sai ya kalli ƙungiyarsa a ɗakinsa zai miƙa sama da rubu'in albashinsa kafin ya auno masara. Ba mamaki da kamfanin ya ba da rahoton cewa a cikin shekara biyu, daga 2023 zuwa 2025, ya rasa masu biya wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu a Nijeriya.

Kamfanin kuwa hujjarsa ita ce, da kuɗin ƙasashen waje yake sayen izinin nuna wasannin, alhali da naira ake biyansa. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Da aka sakar wa naira mara, a 2024 sai da ta haura 1,500.

Da talabijin ya gagara, matasa da yawa sun koma kallo a wayar hannu. A 2024 Showmax ya fito da tsarin kallon wasannin Ingila a waya kan kuɗin da bai kai naira dubu uku ba a wata. Amma kallo ta intanet kuɗi biyu ake biya, na mai nuna wasa da na data, kuma a watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi hamsin cikin ɗari. Wanda ya bi ta ɓarauniyar hanya kuwa, hoto ya riƙa tsayawa ke nan, sai ya ji ihun maƙwabta kafin ya ga ƙwallo a raga.

Saura gidan kallo, mafakar talaka. Shi ma mai gidan da janareta yake aiki, ga shi litar man fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin a janye tallafi a 2023 ta haura naira 1,000 a garuruwa da dama a ƙarshen 2024. Dole ya ƙara kuɗin shiga ko ya rufe.

Sai mu koma kan Rohr. An ɗauke shi a 2016. Ya kai Nijeriya gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, ya kuma samo matsayi na uku a gasar Afirka ta 2019 a Masar. Duk da haka 'yan kallo suka yi ta ƙorafi cewa wasan ƙungiyar ba armashi, har Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ƙasa ta sallame shi a watan Disamba na 2021. Ya kai ƙara kan haƙƙinsa, a 2022 hukumar FIFA ta umarci a biya shi sama da dala dubu 370. A 2023 Benin ta ɗauke shi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A watan Yuni na 2024, a birnin Abidjan, 'yan wasan Rohr suka doke Nijeriya da ci biyu da ɗaya a wasan neman zuwa gasar duniya, abin da ya kai ga Finidi George ya ajiye aikin koyar da Super Eagles. Daga nan muhawara ta kaure: wasu na cewa mun yar da abin da ke hannunmu, wasu na cewa ai da ma ya ƙure basirarsa. Nijeriya ta rama da ci huɗu da nema a Uyo a watan Oktoba na 2025, Victor Osimhen ya ci uku, amma makin da aka zubar tun farko ya sa sai da ta bi ta wasan cike gurbi, inda Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fitar da ita da bugun fenariti a Rabat a watan Nuwamba.

Ba Rohr ne farau ba. Marigayi Stephen Keshi a Togo ya fara nuna gwanintarsa, inda ya samar mata gurbin gasar duniya ta 2006, kafin ya dawo gida ya ci mana kofin Afirka a 2013, shi ma kuma ya sha bin bashin albashi. Emmanuel Amuneke ya kai Tanzaniya gasar Afirka ta 2019, karo na farko tun 1980. Gwanin mai koyarwa kasuwarsa ta duniya ce, inda za a biya shi a kan kari nan zai nufa.

Abin lura a nan shi ne, wasan da muke kallo da dala ake sayo shi, baƙon mai koyarwa ma da dala ake biyansa, mu kuwa naira muke samu. Ba mu da iko da farashin wasannin Ingila, amma muna da iko da namu. Kano Pillars, wadda ta ci gasar ƙasa sau huɗu, da Enyimba ta Aba, wadda ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004, suna da dubban magoya baya da za su kalle su in an nuna wasanninsu a kai a kai a tashoshin da ba a biya. Ya kamata hukuma ta tabbatar duk wasan Super Eagles ya isa ga talaka kyauta ta talabijin da rediyo, ta kuma riƙa biyan masu koyarwa haƙƙinsu kafin guminsu ya bushe, 'yan gida ne ko baƙi. In ba haka ba, za mu ci gaba da biyan kuɗi mai tsada muna kallon waɗanda muka kora suna cin mu. Allah Ya sa shugabannin wasanni su ji, su kuma gyara.