Ko A Ci Tare, Ko A Faɗi Tare: Wasannin Haɗa Kai Na Iyali

 Yau zancenmu a kan wasa ne, amma kada ki ce abin yara ne ki juya shafi, domin sau da yawa a wurin wasa ake shuka abin da za a girba bayan shekara ashirin.

Uwargida, kin san yadda ludo yake ƙarewa a gidajenmu. Ana farawa da dariya, kafin a jima babba ya cinye 'ya'yan ƙarami ya mai da su gida, ƙarami ya fashe da kuka ya kifar da allo, ke kuma ki baro tukunya a kan wuta ki zo rabon faɗa. In gidan mai ɗaki biyu ne ko uku, abin ya fi haka muni, don kuwa yaro ba zai ce Yaya ya cinye shi ba, sai ya ce 'yan ɗakin can sun haɗe masa kai. Daga nan magana ta bar hannun yara ta koma ta manya. Laifin kuwa ba na yaran ba ne su kaɗai. Ludo da dara da karta duk ƙa'idarsu ɗaya ce: sai wani ya faɗi kafin wani ya ci.

To, a ƙasashen Turai da Amurka akwai wani irin wasan allo da aka juya wannan ƙa'ida. Duk waɗanda suka zauna wasan 'yan gari ɗaya ne, abokin gābarsu kuwa shi ne wasan kansa. Akan tsara shi kamar tatsuniya, da dodanni da barade da dukiyar da aka ɓoye. In an ci, kowa ya ci. In an faɗi, kowa ya faɗi. Kamar aikin gayya ne, ba a cewa wane ya fi wane, sai dai a ce an gama gonar ko ba a gama ba.

INDA ABIN YA FITO

Tun a 1972 wani mutumin Kanada mai suna Jim Deacove ya kafa ɗan kamfaninsa, Family Pastimes, wanda ba ya yin kowane wasa sai na haɗa kai. A 1986 kamfanin HABA na Jamus ya fito da Obstgarten, wato lambun itatuwa, inda ƙananan yara suke haɗuwa su tsinke 'ya'yan itace kafin hankaka ya riga su. A shekarar 2000 wani Bajamushe masanin lissafi, Reiner Knizia, ya tsara wasa a kan labarin nan na Lord of the Rings. Amma wanda ya sa abin ya bazu sosai shi ne Pandemic, na wani Ba'amurke mai suna Matt Leacock, a 2008, inda 'yan wasa suke yaƙi da annoba. Bayan wannan sai aka shiga yin masu sauƙi, waɗanda za a koya cikin minti kaɗan a gama cikin rabin awa ko awa ɗaya. Guda uku daga cikinsu zan bayyana miki.

DODANNI A BAKIN GANUWA

Na farko sunansa Castle Panic, wato kamar a ce hankali ya tashi a birni. Justin De Witt ne ya tsara shi, kamfanin Fireside Games na Amurka ya fito da shi a 2009, kuma mutum ɗaya har zuwa shida suna iya yi. A tsakiyar allo akwai hasumiya 6, an kewaye su da ganuwa 6. Can bakin allo daji ne, daga nan dodanni suke fitowa. Tsakanin daji da ganuwa akwai da'ira uku: ta maharba, ta barade, da ta masu takobi. An kuma raba filin launi uku, ja da kore da shuɗi.

Kowane ɗan wasa yana riƙe da katuna. In kina da katin maharbi ja, sai dodon da yake cikin da'irar maharba a yankin ja kaɗai za ki iya harbi. Ƙaramin dodo bugu ɗaya yake kashe shi, matsakaici biyu, ƙaton sai uku. Duk wanda ya gama yinsa, dodanni sukan matso taki ɗaya, a kuma jawo wasu biyu sababbi. Dodon da ya iso ganuwa sai ya rushe ta, ba a kuwa sake gina ta sai an haɗa katin tubali da na laka.

A nan daɗin wasan yake. Katin da ba shi da amfani a hannunki yanzu, wataƙila shi ne zai ceci gari in ya shiga hannun wanda yake bin ki, domin kafin nan dodon ya matso wata da'irar. Saboda haka an yarda a yi musayar kati. Sai ki ji yarinya ta ce, "Yaya, ba ni bardenka kore in ba ka mai takobina, kafin yinka ya zo ƙaton nan ya iso gabanka." In an gama da duk alamomin dodanni 49 kuma ko hasumiya ɗaya tana tsaye, an ci. A cikin dokokinsa akwai hanyar da ake ƙirga wanda ya fi kashe dodanni a ba shi sarauta. Shawarata ita ce ki bar wannan hanya, ki bi ta haɗa kai zalla, in ba haka ba kin kori gasa ta ƙofa ta dawo ta taga. Akwai kuma na ƙanana, My First Castle Panic, na 2019, wanda ɗan shekara huɗu zai iya.

TSIBIRI MAI NUTSEWA

Na biyu shi ne Forbidden Island, wato tsibirin da aka hana shiga. Shi ma na Matt Leacock ne, kamfanin Gamewright ya fito da shi a 2010, na mutum biyu zuwa huɗu. Ana shimfiɗa 'yan allunan kwali 24 su zama tsibiri, a cikinsa kuma an ɓoye dukiya iri huɗu: ta ƙasa, ta iska, ta wuta da ta ruwa. Sai mutum ya tara kati huɗu iri ɗaya ya je wurin da dukiyar take kafin ya ɗauke ta. Amma fa tsibirin nutsewa yake yi. Bayan kowane yi akan jawo katin ambaliya. Wurin da aka ambata sau ɗaya ruwa ya malale shi, in aka sake ambatarsa ba a gyara ba, ya tafi ke nan har abada.

Kowa aiki uku kawai yake da shi a yinsa, ba a kuma riƙe kati fiye da biyar, don haka babu wanda zai iya tara kome shi kaɗai. Kowa kuma da baiwarsa. Matuƙin jirgi yana tashi ya sauka inda ya so, injiniya yana gyara wuri biyu da aiki ɗaya, mai nutso yana ratsa ruwa, masinja yana miƙa kati daga nesa. Bayan an tara dukiyar, dole kowa da kowa ya iso filin jirgi mai saukar ungulu a tashi tare. In ruwa ya ci mutum ɗaya, duka an faɗi. Ki duba wannan doka da kyau: babban yaya ba shi da hanyar cin wasa sai ya koma ya tsamo autan gida.

'YA'YAN KYARKECI

Na uku shi ne Andor na iyali, wanda wasu ma'aurata Jamusawa, Inka da Markus Brand, suka tsara, kamfanin Kosmos ya fito da shi a 2020 domin yara daga shekara bakwai. 'Ya'yan kyarkeci ne suka ɓata a cikin ramin haƙar ma'adinai, jarumai suka fita nemansu. Duk dare kuwa wani ƙaton maciji mai fukafukai yana ƙara matsowa fadar sarki. In ya iso kafin a gano su, an faɗi. Don haka kullum sai an raba aiki, wasu su tsare gida, wasu su ci gaba da nema.

ABIN DA YARO ZAI SAMU

Da farko zai koyi faɗin dalili. A aji nakan ga yara da yawa sun san amsa amma in aka ce su faɗi yadda suka same ta sai su sunkuyar da kai. A wannan wasa kuwa ba mai ba ka katinsa sai ka gamsar da shi. Na biyu, zai koyi hangen gaba, wato in na yi kaza yanzu, me zai faru bayan yi biyu. Na uku, zai ɗanɗani faɗuwa ba tare da wani yana yi masa dariya ba, domin an tsara wasannin ne yadda za a riƙa faɗuwa jifa-jifa. Sa'an nan ga shi ba ƙofar caca, tun da babu wanda ake cinyewa balle a sa kuɗi.

INDA GIZO KE SAƘAR

Amma fa 'yar'uwa, waɗannan wasanni suna da wata cuta da masu yin su suka daɗe da sani. Tun da shawara a fili ake yi, wanda ya fi kowa wayo yakan karɓe ragamar wasan: kai je nan, ke ba shi wancan, kai kuma tsaya. Sauran su zama 'yan amshin shata. A gida kuwa wa ya fi dacewa ya faɗa wannan rami? Ke ce, ko maigida, ko babban wa. Mun saba da cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, gaskiya ne kuma. Sai dai in kullum ke ce mai hangowa, yaushe zai koyi hawan rimin? Wasan da uwa ta ci da hannun 'ya'yanta bai koya musu kome ba sai bin umurni, wannan kuwa sun riga sun iya.

Don haka ga abin da za ki kiyaye. Mai yi shi ke da maganar ƙarshe, ko da shi ne ƙarami. A bar shi ya fara faɗin abin da yake nufi kafin kowa ya sa baki. In kin ga haɗari, ki yi tambaya maimakon umurni, kamar ki ce, "Auta, wane dodo ne ya fi kusa da ganuwa?" In ya zaɓi abin da bai dace ba, ki danne zuciyarki ki bar ganuwar ta rushe, ta kwali ce, gobe za a sake kafa ta. In an faɗi, a hana neman mai laifi, a tambayi me za a sake a karo na gaba. Ki kuma cakuɗa zaman, kada 'yan ɗaki ɗaya su jeru gefe guda. In wasan ya yi musu sauƙi a ƙara masa wuya. Shi Forbidden Island ma mataki huɗu gare shi.

IN BABU NA KANTI FA?

Waɗannan wasanni daga waje ake kawo su, dokokinsu kuma da harsunan Turai aka rubuta, ba kowane gida zai same su ba. Amma dabarar ba a sayar da ita. Ki sami bayan kwali ki zana itace huɗu, mangwaro da gwaiba da lemo da dabino, ki ɗora tsakuwa ko murfin kwalba goma a kan kowanne. Ki ɗauko ƙwayar nan mai ɗigo-ɗigo da ake jefawa a ludo. In 1 ta fito a tsinki mangwaro, 2 gwaiba, 3 lemo, 4 dabino. In 5 ce, mai yi ya zaɓi guda biyu daga inda ya ga dama, nan ne wurin shawara. In 6 ce, hankaka ya matso taki ɗaya. In ya yi taki tara kafin a tsinke duka arba'in ɗin, ya cinye lambu. Haka tsarin Obstgarten yake. In sun ƙware, ki bar su su mai da hankakan Dodo, su ƙago nasu labarin da nasu dokokin.

Ba na ce a jefar da ludo da dara ba, domin yaro yana bukatar ya san gasa ma. Ba kuma na ce kwali zai kashe 'yan ubanci ba. Amma yaran da suka saba zama gefe ɗaya suna ceton juna da dare, da wuya safiya ta yi su manta da haka sarai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki gwada a wannan mako, ki kuma riƙe bakinki in yin auta ya zo.

Sai mun sake saduwa. Ku huta lafiya.