Kwantena a Cikin Kwamfuta: Yadda Ake Zaunar da Manhajoji Masu Yawa a Saba Guda

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Legas zuwa Kano ya sha cin karo da tireloli ɗauke da manyan akwatunan ƙarfen nan da ake kira kwantena. Tarihin wannan akwati bai yi nisa can ba. A ranar 26 ga Afrilu, 1956, wani Ba'amurke mai harkar motocin dakon kaya, Malcom McLean, ya loda akwatuna 58 a jirgin ruwa mai suna Ideal X, daga tashar Newark zuwa Houston. Kafin wannan lokaci buhu-buhu da ganga-ganga ake lodi, 'yan dako su kwashe kwanaki a kan jirgi guda. Hikimar kwantena ita ce ma'aikacin tasha ba ruwansa da abin da ke ciki. Atamfa ce ko injin niƙa, girman akwatin ɗaya ne, wurin da ƙugiya ke kama shi ma ɗaya ne. Daga nan ne masana kwamfuta suka aro sunan, suka laƙaba wa wata dabara ta ƙunshe manhaja da dukkan kayan aikinta wuri guda, yadda za ta yi aiki a kowace na'ura aka kai ta.

Matsalar da aka so warwarewa

Saba, wadda wasu ke kira uwar garke, kwamfuta ce mai ƙarfi da ke aiki dare da rana tana amsa buƙatun sauran kwamfutoci da wayoyi. Idan ɗalibi ya duba sakamakon jarrabawarsa ta intanet, wata saba ce a wani ɗaki mai sanyi ta ba shi amsa.

A ɗauka wata jami'a tana da manhajoji huɗu: ta rajistar ɗalibai, ta ɗakin karatu, ta wasiƙu, da ta sakamakon jarrabawa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke tsaye da ƙafarta. Kowace tana dogara ne ga wasu ƙananan manhajojin taimako, kuma sau da yawa wannan tana buƙatar tsohuwar siga ta harshen Python, waccan kuma ba ta aiki sai da sabuwa. In aka haɗa su a na'ura guda sai su yi zaman doya da manja, a gyara wa ɗaya, a ɓata wa ɗaya. Har ila yau, ranar da sakamako ya fito dubban ɗalibai suka yi ca a kan manhaja guda, tana iya cinye ƙwaƙwalwar na'urar gaba ɗaya, sauran ukun su tsaya cik.

Maganin farko shi ne a saya wa kowace manhaja na'urarta. Wannan kuwa tsada ne, ga kuɗin wuta da na man janareta, alhali mafi yawan lokaci na'urorin zaman banza suke yi. Magani na biyu shi ne kwamfutar kwaikwayo, wato a sa na'ura ɗaya ta riƙa nuna kamar na'urori da yawa ne. Kamfanin IBM ya fara wannan tun shekarun 1960 a manyan injunansa, ya kuma fitar da tsarin VM/370 a 1972. Kamfanin VMware, wanda aka kafa a 1998, shi ya yaɗa dabarar a kwamfutoci na gama-gari. Dabara ce mai inganci, kuma har yau ana cin moriyarta. Nauyinta shi ne kowace kwamfutar kwaikwayo sai an ɗora mata cikakken tsarin aiki nata na kanta, wanda ke cin wuri mai yawa a faifai da ƙwaƙwalwa, kuma sai an jira shi ya tashi kamar yadda ake jiran kowace kwamfuta.

Mene ne ainihin kwantena?

A nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna zaton kwantena wata 'yar ƙaramar kwamfuta ce a cikin babba. Ba haka ba ne. Domin a gane ta sai an fara sanin ƙwayar tsarin aiki, wadda masana ke kira kanel. Ita ce sashen da ke tsakanin manhajoji da ƙarfen na'ura. Babu manhajar da ke taɓa faifai ko ƙwaƙwalwa ko hanyar sadarwa da kanta. Sai ta roƙi ƙwaya, ƙwaya ta yi mata. Ƙwayar da aka fi amfani da ita a sabobin duniya ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland.

Kwantena ba komai ba ce illa manhaja mai gudana kamar kowace, wadda ƙwaya ta yi wa abu biyu: ta sa mata labule, ta kuma auna mata abinci. Labulen shi ne abin da ake kira farfajiyar suna. Da shi ƙwaya ke ɓoye wa manhaja sauran abubuwan da ke cikin na'urar, ta nuna mata fayilolinta kaɗai, da jerin ayyukanta kaɗai, da adireshin sadarwa nata na kanta, har manhajar ta ɗauka ita kaɗai ce a gidan. Irin wannan labule na farko ya shiga Linux a 2002, aka yi ta ƙara wasu, har suka kai takwas a 2020. Awon kuma shi ne tsarin cgroups, wanda injiniyoyin Google, Paul Menage da Rohit Seth, suka fara a 2006, ya shiga Linux a 2008. Shi ne mudun da ke iyakance yawan ƙwaƙwalwa da ƙarfin furosesa da kowace manhaja za ta ci.

Misali mafi kusa shi ne gidan haya. Kwamfutocin kwaikwayo kamar gidaje ne daban-daban a fili guda, kowane da katangarsa da rijiyarsa. Kwantenoni kuwa ɗakuna ne a gida guda: kowane ɗan haya da ƙofarsa da kwaɗonsa, amma rijiya ɗaya ce, zaure ɗaya, mai gida ɗaya. Wannan ne ya sa kwantena ba ta da nauyi, tana tashi cikin daƙiƙa ɗaya ko ƙasa da haka, tun da babu wani tsarin aiki da za a tayar. Wannan ɗin kuma shi ne rauninta, kamar yadda za a gani a gaba.

Dabarar ta girmi sunan da take amsawa yanzu. A 1979 aka sa umarnin chroot a cikin Unix, wanda ke tsare manhaja a wani lungu na fayiloli. A 2000 tsarin FreeBSD ya fito da abin da ya kira kurkuku, aikin Poul-Henning Kamp ɗan ƙasar Denmark. Solaris 10 ya zo da nasa a 2005, LXC kuma a 2008. Sai dai duk waɗannan sun fi dacewa da ƙwararru. A watan Maris na 2013 ne Solomon Hykes ya gabatar da Docker. Bai ƙirƙiro labule ko mudu ba, duk ya tarar da su. Abin da ya kawo shi ne hanya mai sauƙi ta ƙunshe manhaja da aika ta, kuma shi ya sa dabarar ta bazu. A 2015 manyan kamfanoni suka haɗu suka tsayar da ƙa'ida ɗaya ta fasalin kwantena, yadda abin da aka haɗa da Docker zai yi aiki da wani injin kamar Podman.

Yadda ake kafa ta

Mai kula da saba yakan fara da ɗora Linux, alal misali Debian ko Ubuntu, sa'an nan ya sa injin kwantena. Daga nan sai ya rubuta wani ɗan fayil mai suna Dockerfile, wanda ya yi kama da takardar haɗa magani: a ɗauko tushe kaza, a ƙara Python siga kaza, a kwafo manhajarmu, a tayar da ita da umarni kaza. Injin zai bi layukan nan ya samar da samfuri. Samfuri ba ya canzawa, tamkar abin buga bulo ne; daga samfuri guda ana iya fitar da kwantena ɗaya ko ɗari, duk iri ɗaya. An gina shi ne hawa-hawa, saboda haka idan samfura goma sun yi tarayya a tushe guda, sau ɗaya kawai ake adana tushen. Akan ajiye samfura a rumbu na musamman, kamar Docker Hub, ko rumbun da ma'aikata ta kafa wa kanta.

Wajen tayar da kwantena akwai abubuwa uku da sabon shiga yakan manta, kuma kowane yana da sakamako. Na farko ƙofa ce. Kwantena a rufe take, babu mai isa gare ta daga waje sai an haɗa wata ƙofar sadarwa ta saba, a ce lamba 80, da ƙofar da manhajar ke saurare a ciki. Na biyu shi ne awo. Docker ba ya sa wa kwantena iyakar ƙwaƙwalwa da kansa, sai an umarce shi. In an ce megabayit 512, kwantenar ta nemi wucewa, ƙwaya za ta kashe aikin nan take, injin ya nuna lamba 137. Wannan ya fi a bar ta ta durƙusar da na'urar duka.

Na uku shi ne mafi muhimmanci. Duk abin da manhaja ta rubuta a cikin kwantena yana tafiya tare da ita ranar da aka goge ta. Wanda ya ajiye sunayen ɗalibai da makinsu a cikin kwantena, ya goge ta domin sa sabuwa, ya yi asarar da ba ta da magani. Don haka ake ware wani wuri a faifan saba a jingina shi ga kwantena, bayanai su zauna can a waje. Wannan wurin ne ake yi wa kwafin ajiya a kai a kai, a kai kwafin wata na'ura dabam.

Kulawa ta yau da kullum

Ba a yi wa kwantena kwaskwarima. In an sami aibi, sai a gyara takardar haɗi, a gina sabon samfuri, a tayar da sabuwa, a kashe tsohuwa. In sabuwar ta ƙi, a koma ga samfurin jiya. Amfanin wannan tsari ya fito fili a watan Disamba na 2021, lokacin da aka gano wata mummunar kafa a Log4j, ƙaramar manhajar taimako da ɗimbin manhajojin harshen Java ke amfani da ita. Gyara tsarin aikin saba kaɗai bai wadatar ba, domin kowane samfuri yana ɗauke da nasa kwafin. Sai da aka bi su ɗaya-ɗaya aka sake ginawa, kuma wanda ya san abin da ke cikin samfuransa shi ya fi saurin fita.

Akwai kuma ƙananan abubuwa masu cin mutum a hankali. Tsofaffin samfura suna taruwa. Rahotannin da manhaja ke rubutawa suna ta tsawo, domin a tsarinsa na asali Docker ba ya datse su, har wata rana a wayi gari faifai ya cika. Haka nan ɗauko samfurin da ba a san mai shi ba daga intanet daidai yake da sayen magani a hannun mai talla a tasha.

Idan kwantenoni suka kai ɗaruruwa a kan sabobi da yawa, hannu ba zai iya ba. Google ya daɗe yana tafiyar da nasa da wani tsari na cikin gida mai suna Borg, kuma a 2014 ya ce yana tayar da kwantena sama da biliyan 2 a kowane mako. A shekarar ne ya saki Kubernetes ga kowa, sunan da a harshen Girka ke nufin matuƙin jirgin ruwa. Mai kula yakan rubuta masa halin da yake so, misali kwafi uku na manhajar sakamako su kasance a raye kullum. In ɗaya ta mutu, ko sabar da take kai ta ɗauke, shi zai tayar da wata a wani wuri ba tare da an tashi kowa daga barci ba. Amma Kubernetes yana da wuyar koyo da wuyar riƙo. Makarantar da ke da saba ɗaya ko biyu ba ta buƙatarsa. Docker Compose, wanda ke jera kwantenoni kaɗan a fayil guda, ya ishe ta.

Rijiya ɗaya

Tun da ƙwaya ɗaya ce, duk wata kafa a cikinta ko a cikin injin kwantena ta shafi kowa. A watan Fabrairu na 2019 an gano aibi a runc, sashen da Docker da wasu injuna ke tayar da kwantena da shi, wanda zai ba mugun samfuri damar tsallake labule ya mallaki saba baki ɗaya. An toshe kafar, amma darasin da masana suka ɗauka shi ne kada a gudanar da manhaja a cikin kwantena da sunan root, wato mai cikakken iko, sai in ya zama dole. Kamfanonin da ke ba baƙi hayar sabobinsu sukan ƙara katanga: Google ya saki gVisor a 2018, Amazon kuma ya saki Firecracker a wannan shekarar, wanda ke sa kowane aiki cikin 'yar ƙaramar kwamfutar kwaikwayo. Saboda wannan tarayya a ƙwaya ne kuma kwantenar Linux ba ta aiki kai tsaye a kan Windows ko Mac. Injin yakan tayar da Linux a ɓoye cikin kwamfutar kwaikwayo, ya zaunar da ita a can.

Malamin da ke da kwamfuta mai Linux zai iya nuna wa ɗalibai gaskiyar wannan bayani cikin darasi guda. Ya tayar da kwantena, ya shiga cikinta ya nemi jerin ayyuka da umarnin ps: manhajar za ta bayyana da lamba 1, kamar ita ce farkon abin da ya tashi a na'urar. Sa'an nan ya fito ya ba da umarnin nan a kan ita kanta kwamfutar. Ɗalibai za su ga manhajar dai a tsakiyar jerin sauran ayyuka, da wata lamba dabam.