Manɗiƙi Mai Hawa-Hawa da Hulɗar Mutum da Na'ura

Kwamfuta, a asalin gininta, amsa biyu kaɗai ta sani: i ko a'a, watau 1 ko 0. Ɗan Adam kuwa ba haka yake magana ba. Mutumin Gidan Igwai a birnin Sakkwato, in an tambaye shi yanayin gari, yakan ce da zafi, ko da zafi ƙwarai, ko kuwa da zafi-zafi. Bai ambaci lamba ba, amma mai sauraro ya gane sarai.

A shekarar 1965 Lotfi Zadeh, shaihin malami a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, ya fito da hanyar da na'ura za ta bi ta karɓi irin wannan zance, wadda ake kira fazi lojik, watau manɗiƙi mai hawa-hawa. A nan gaskiyar magana tana da daraja tsakanin 0 da 1. Alal misali, ana iya ba wata rana darajar 0.8 a zafi. In aka ce “ƙwarai”, sai a buga lambar da kanta, ta koma 0.64, domin sharaɗin ya ƙara tsanani. Abin sha'awa, Hausa ta riga ta tanadi kishiyar wannan a nahawunta, gama maimaita kalma, kamar ja-ja ko sanyi-sanyi, sassauta ma'ana yake yi.

Ba a daɗe ba aka gwada dabarar a aikace. Ebrahim Mamdani ya sarrafa injin tururi da ita a Landan a 1974, ta hanyar dokoki irin na bakin ma'aikaci: in matsin tururi ya ɗan yi yawa, a rage wuta kaɗan. A 1987 jiragen ƙasa na birnin Sendai a Japan suka fara tashi da tsayawa bisa wannan tsari.

Sai dai akwai wurin da gizo ke saƙa. Na'ura ba ta san inda zafi ya fara ba, mai tsara ta ne yake yanka mata iyaka. Digiri 30 tsananin zafi ne ga mutumin Landan, alhali a Sakkwato, inda ma'auni kan haura 40 a watan Afrilu, sauƙi ne ake gode wa Allah a kai. Saboda haka na'urar sanyaya ɗaki, ko manhajar da ke tambayar majinyaci yadda jikinsa yake, in da awon wata ƙasa aka tsara ta, za ta ji kalmar Basakkwace ta fassara ta da ma'anar Bature. Wajibi ne mai tsarawa ya fara zama da masu harshen, ya ji inda suke raba ɗumi da zafi, sa'an nan ya sa lambobinsa.