Ba Ƙasar da Aka Ƙera Sashe Ke Ƙona Shi Ba

Akwai wata magana da na gaji da ji a bakin matasan da suka fara sha'awar sintesaiza mai sassa, wato na'urar ƙera sautin nan da ake sayen sassanta ɗaya bayan ɗaya ana jerawa a akwati. Wai sashen da aka ƙera a Amurka wutar 110 yake ci, na Jamus kuwa 220, don haka kada a haɗa su waje guda, ko kuma sai an saya wa na Amurka taransifomar rage wuta. Har da masu gyara da ya kamata su fi kowa sani ake yaɗa wannan.

Na san inda maganar ta samo tushe. Duk wanda ya taɓa sayen rediyo ko na'urar wasa ta gwanjo daga Amurka ya cusa a soket ɗinmu ya ga hayaƙi, ba zai manta ba. Gaskiya ne wutar gida a Amurka da Kanada 120V ce, a Japan 100V, a Turai da Najeriya kuwa wajen 230V. To amma me ya haɗa wannan da sashen sintesaiza? Sashen bai taɓa ganin wutar bango ba, kuma ba zai gan ta ba har ya tsufa. Abu ɗaya ne tak ake jonawa a soket, shi ne ma'ajin wutar akwatin. Shi ke karɓar wutar gari ya mayar da ita 'yar ƙarama mai tafiya hanya guda irin ta batir, sannan ya rarraba wa sassa ta wani allo da ke cikin akwatin.

Abin da ke raba sassa shi ne tsarin da aka ƙera su a kai. Tsarin Eurorack, wanda Dieter Doepfer ya fito da shi a Jamus a 1995 da na'urarsa A-100, yana aiki da +12V da -12V, wasu sassan kuma suna buƙatar +5V. Make Noise a Amurka suke, Intellijel a Kanada, Erica Synths a Latbiya, Mutable Instruments a Faransa aka yi su, Roland ma ta Japan ta yi System-500 a kan wannan tsari. Ka kwaso ɗaya daga kowannensu ka jera a akwati guda, lafiya lau za su zauna, domin wuta iri ɗaya suke sha. Yanzu ɗauki sashen Synthesizers.com, wanda shi ma a Amurka ake yinsa kamar Make Noise. Shi +15V da -15V yake so, kan wayarsa ma daban. Ƙasa ɗaya, wutar gida ɗaya, amma ba sa haɗa akwati. Tsohuwar Moog ta shekarun 1960 kuwa +12V da -6V take amfani da su. Analogue Systems na Ingila ƙarfin wutarsu ɗaya da na Doepfer, sai dai bakin jonawar ya sha bamban, dole a nemi wayar da ta dace. Ina batun ƙasa a nan? Wanda ya ce maka ka duba tutar da ke jikin kwali, bai taɓa karanta takardar da ke cikin kwalin ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, yayin da ake ta fargabar abin da babu shi, ainihin abin da ke kashe sassa an bar shi a sake. Wayar wutar Eurorack faffaɗa ce mai layi-layi, mai fil 10 ko 16, da jan layi a gefe guda. Jan layin nan na -12V ne. A allunan da ba su da katangar da ke hana kuskure, wayar tana shiga ko ta wane gefe ka juya ta. Ka juya ta baibai, ka kunna, sashen da ka yi wata da watanni kana tara wa kuɗi ya tafi cikin ƙiftawar ido, wani lokaci ma ya ja maƙwabtansa. Gaggawa ce kawai da ƙyuyar karatu ke jawo haka.

Saboda haka, kashe wuta ka zare waya daga bango kafin ka sa ko ka cire sashe. Duba inda aka rubuta -12V a jikin sashen da jikin allon, ka daidaita jan layin da su a ɓangarorin biyu. Kada ka yarda da waya don kawai ta shiga; akwai wayoyin da aka harhaɗa su a juye tun asali, musamman waɗanda suka zo da kayan hannu. In kana da mita, auna kafin ka jona. Sabon sashe, gwada shi shi kaɗai tukuna.

Sai lissafin abin da sassan ke ja. Kowane sashe an rubuta mA nawa yake ci a layin +12V, nawa a -12V, nawa a +5V. Tara kowane layi daban, kada ka cakuɗa su, ka kwatanta da abin da ma'ajin zai iya bayarwa, ka bar masa rarar kamar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, domin a lokacin kunnawa sassa kan fizgi wuta fiye da yadda suka saba. Shafin ModularGrid yana yi wa mutum wannan lissafin kyauta.

Wuri ɗaya ne maganar 110 da 220 take da gaskiya: ma'ajin wutar kansa. Karanta abin da ke rubuce a bayansa. In ka ga 100-240V, kan fulogi kawai za ka canza. In tsohon yayi ne mai taransifoma mai nauyi, irin PSU2 na Doepfer da ake yi na 115V daban na 230V daban, to in na 115V ne, nan ne ake neman taransifomar rage wuta, guda ɗaya ga akwatin duka. Wasu suna da makunnin zaɓi a baya, a tabbata yana kan 230, a kuma sa fis ɗin da takardarsa ta ce. Bambancin 50Hz da 60Hz bai cika zama matsala ba. A inda wuta ke hawa da sauka kamar namu, a sa sitabilaiza mai kyau, kuma kada a bar akwatin a kunne lokacin da ake tada janareta ko ake mayar da layi kan wutar NEPA.